Gahawar Leda da Na Dafa wa Surukina

Ban daɗe da tarewa a Tiga ba surukata ta tafi Doguwa, 'yarta ta haihu za ta zauna mata wankan jego. Kafin ta hau mota ta jawo ni gefe ta ce, "Komai na gidan nan kin iya, saura gahawar Malam. Ki soya 'ya'yan a kasko har su yi duhu, ki daka, ki tafasa da citta da kanumfari. Ban da garaje." Na ce to, kaina a ƙasa.

Surukina dattijo ne mai ƙarancin magana. Garinsu na cikin waɗanda ruwan dam ya cinye, aka tashe su suka dawo nan, ya koma kamun kifi da ɗan lambu. Tun yana saurayi ya saba da gahawa, lokacin da ya tafi Makka ta ƙasa ya zauna a Sudan. Duk unguwar shayi ake sha, shi kaɗai ake aiko wa da 'ya'yan gahawa daga Kano. Kullum da hantsi yana zaure yana gyaran raga, 'yar butarsa a gefe.

Kwanakin farko na yi yadda aka ce. Amma ina da ƙaramin ciki, ban faɗa wa kowa ba sai maigidana, kuma da zarar ƙaurin suyar ya tashi sai zuciyata ta hautsine, in ruga bayan ɗaki. Ga girkin masu aiki a lambu yana jirana. Na yi wa maigidan kuka. Shi ma'aikacin ruwa ne a dam, ya ce abokan aikinsa sun daina wannan wahala. Ranar kasuwar Tudun Wada ya dawo da wasu 'yan ledoji a jere, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba.

"Kofi ne, shi ne gahawar," in ji shi. "Ba suya ba daka. Ruwan zafi kawai."

Da safe ya hau babur ya tafi, ban tambaye shi komai ba. Na yaga ɗaya na zuba a buta, sai na ga ɗan gari ko cikin ƙaramin cokali bai yi ba. Ni da na saba zuba cikin tafin hannu! Na ce wannan ai raini ne a kai wa babba. Na yi ta yagawa ina juyewa har jerin ya kusa ƙarewa, na sa citta, na bar shi ya tafasa sosai kamar kullum. Ban ɗanɗana ba, warinsa ma kawar da kai nake yi.

Ashe Baba, surukin nawa, yana da baƙo, wani tsohon abokinsa Bafulatani da ya zo daga wajen Doguwa da man shanu da gaisuwar maijego. Na durƙusa a bakin zaure na gaishe su, na tura tire ciki, na tsaya bayan zana ko za a nemi wani abu.

Na ji ƙarar tsiyayawa. Na ji baƙon ya ce bismilla. Sai tari ya sarƙe shi.

"Malam," ya ce da ya samu numfashi, "yau jiƙon maɗaci ake sha a gidan nan? Wa ke da shawara?"

Baba ya kurɓa, sannan ya ce, "Ta fi ƙarfinka ne, kai da ka saba da nono. Miƙo nan." Ta kafar zana na ga ya shanye nasa, ya shanye na baƙon, ya sake tsiyayawa. Bai bar ko ɗigo a butar ba, ya ce a gaya wa amarya an gode.

Wajen azahar hannunsa ya fara rawa, ya kasa riƙe zaren raga. Tuwon da na kai ya dawo yadda yake. Ya tashi ya zauna, ya fita ya dawo, yana dafe da ƙirji yana cewa babu komai. Maƙwabta suka aika aka kira maigidana, ya ɗauke shi a babur zuwa ɗakin shan magani. Da suka dawo ya shigo madafi ya tarar da tarin ledojin da na yaga a bakin murhu.

"Duka waɗannan? Ai leda ɗaya ake zuba wa kofi guda!"

Kafin la'asar matan unguwa sun ji, suna shigowa sannu da jikin Malam, suna satar kallona suna danne dariya.

Washegari ina ɗaki na ji ƙaurin suya daga zaure. Na leƙa, sai ga Baba da kansa tsugune gaban 'yan gawayi, yana juya kasko da tsinke, masu wucewa zuwa bakin ruwa suna gaishe shi suna mamaki. Dattijo da suruka a gida yana dafa wa kansa! Na toshe hanci da mayafi na je na durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Kawo in yi."

Bai ɗago ba. "Koma ciki, 'yata. Na lura ƙaurin nan ba ya yi miki. Allah ya raba lafiya."

Ban san yadda na kai ɗaki ba. Na faɗa kan gado na ja zane na rufe har kaina. Abin da nake ɓoyewa ko mata ba su gano ba, surukina ne ya fara faɗa.

Daga ranar shi yake dafa abarsa. Ni kuwa na daina bi ta zaure gaba ɗaya, in zan fita sai in zaga ta gidan maƙwabta, abinci ma maigidana nake roƙo ya miƙa. Da surukata ta dawo, tun a tasha aka ba ta labari. Ta shigo ta ajiye kaya, ta kira ni. Na zo na durƙusa ina jiran faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo min ƙullin tsamiya da ta taho da shi, ta ce in tashi haka nan, durƙuson ya isa.