Layin Yaya Lawali bai wuce ba

Shekara tara ke nan da muka fitar da gawar Yaya Lawali daga ɗakin haya. Da gangan na fara da wannan, domin duk wanda ya tashi yabonsa a Tanut sai ya lissafa gidajen da ya gina, ya tsallake inda ya mutu. Mutumin da hannunsa ya taɓa bangon kowane gida a unguwarmu ya cika a ɗaki biyu na wani, ƙofar gidan ma ta yi wa makara ƙunci, sai da aka karkata ta kafin ta fita. Ni ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidan da ya kamata ya zama nasa nake zaune ina wannan rubutu.

Magini ne, na ƙasa, tun yana saurayi. Ni aka kai lakwal, makarantar boko, har na zama malama, shi kuwa karatunsa na allo ne da na kwaɓa. Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana wata gona a gabashin gari, wadda gine-gine suka kusa cim mata. Masu saye suka yi ta zarya. Yaya ya zaunar da ni ya ce yana so a yanka ta fili-fili a ba mutanen da suka gaji da haya, a gina musu da gayya. Na ce masa ya haukace. Ya ce to, amma in ba shi aron nawa kason kafin ya warke. Haka yake, ba ya gardama, sai dai ya ba ka dariya, kafin ka gama dariyar ka ga ka amince.

Aikin kuwa ba wani abu mai wuya ba ne a faɗa. Duk Asabar ta rani a taru da sassafe. Maza su haƙo ƙasa su kwaɓa su yi tubali, mata mu jawo ruwa, in gini ya tashi mu yi daɓe. Tun ranar farko aka jefa ƙuri'a aka san layi: wane ne na fari, wane ne na biye. Wanda aka gina wa bana, baɗi yana cikin laka yana gina wa wani. Shi ma Yaya ya shiga ƙuri'ar kamar kowa, duk da ƙasar tamu ce, ya fito na huɗu.

Duk ɗan Damargu ya san bango ba shi ne matsalar gini ba. Ƙasa tana nan, gumi yana nan. Abin da ke hana talaka rufa ɗaki shi ne azara, itacen da ake jerawa a bisa bango kafin a shimfiɗa zana a zuba ƙasa. Mu nan itace sai an nema. Yaya yakan tafi kwarin Tarka da amalanken jaki ya yi kwanaki, ya nemi izini, ya tsattsago goribar da ta faɗi da kanta, ya dawo kafaɗa duk ta saluɓe. A can ya ga yadda wani abokinsa Buzu ke yi wa raƙuma shaida da wuta, sai ya sa maƙeri ya yi masa ƙarfe mai zane uku kamar sawun zabo. Kowace azara sai an ɗana mata wannan ƙarfe kafin ta hau bango. Ya kafa doka ɗaya tak, a gaban liman da mai unguwa. Ya ce, “Bango naka ne, guminka ne. Azara ta gayya ce. Ka zauna, ƴaƴanka su zauna, jikoki su zauna. Ranar da ka ga damar sayarwa ko sa ɗan haya, ka sauke mana azararmu.” Kowa ya yi dariya ya ce ya yarda, domin wa zai kware rufin ɗakinsa da hannunsa?

A lokacin ni ba na cikin masu layi, kuma ban so shiga ba. Maigidana ma'aikacin gidan likita ne, yau an tura mu Gangara, gobe Balbeji, jibi a maido mu Tanut. Ina ganin haya ita ce wayewa. Nakan ce wa Yaya mai gidan ƙasa bawa ne, kowace shekara yaɓe, kowace damina ido na kan indararo. Mu kuwa in rufi ya yi yoyo mu aika wa mai gida, in unguwa ta ishe mu mu ɗaure kaya. Har yau ban ce wannan magana ƙarya ce ba. Shi ma bai taɓa cewa haya abin kunya ce ba, ai a cikinta yake. Abin da yakan ce kawai shi ne, “Ƙafarki ke da ƙarfi yanzu, Rabi. Bari ranar da za ki so zama.”

Ranar ta zo ba tare da ta yi sallama ba. Maigidana ya rasu, ina cikin takaba, ko wata biyu ban yi ba, sai ga mai gidan da muke haya da tsakar rana, shi da wani mutum mai igiyar awo. Ya yi mini gaisuwa mai kyau, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce ɗansa zai yi aure, suna so su duba ɗakunan ne kawai, ba wai yana korata ba. Ina zaune a tabarma cikin lulluɓi suna auna bangon da ke bayana. Ba zan ce mugu ba ne, gidansa ne, ɗansa ne. Amma a ranar na gane cewa shekarun da na yi ina share wannan tsakar gida ba su ba ni ikon ko in ce a dakata in gama kuka ba.

A wannan shekarar ne layi ya zo kan Yaya, karo na biyu. Karon farko ya riga ya bayar da shi ga Idi tela, wanda ruwa ya rusa masa ɗakin haya da ƴaƴa biyar a ciki, shi ya koma ƙarshen layi. Da ya ji abin da ya same ni bai shawarci kowa ba sai matarsa, Yaya Hadiza. Ita ta zo da kanta ta gaya mini. Ta ce, “Yayanki ya ce ranar da kika fita takaba, gidanki za ki shiga.” Na ce ai nasu ne, sun yi shekaru suna jira. Ta ce, “Mu biyu ne, muna iya jira. Ke fa?” Haka kuwa aka yi. Na fita takaba da safe, da la'asar ina kwance ina kallon sawun zabo a rufin ɗakina. Yaya ya sake komawa ƙarshen layi. Kafin layin ya zagayo ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya faru da dokarsa, tunda masu yabo ba za su faɗa ba. Yaya ya san ƙasa, ya san itace, ya san gara, amma bai yi lissafi da kwanon rufi ba. A zamaninsa kwano na masu hali ne. Yau gari ya buɗe, unguwar da muke ce wa bayan gari ta zama tsakiya, baƙi suna shigowa neman ɗaki, kwano kuma ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kaiwa gare shi. Sai mutane suka gano ƙofar da Yaya ya bari a buɗe. Wanda ya fara bi ta cikinta Idi tela ne, wanda yanzu Alhaji Idi ne. Wata safiya na ji ƙarar itace a ƙofar gidana, na leƙa na ga amalanke yana juye azara. Alhaji Idi ya ce, “Malama, ga amanarku. Marigayi ya ce a sauke, na sauke. Tol na sa, rufin kwano. Ban karya doka ba.” A ƙofata ya juye domin ƙarfen shaidar yana hannuna tun rasuwar Yaya. Kafin sati ya zagayo ya zuba ƴan haya ya koma sabon gidansa na siminti. Wasu suka bi sahu. Tarin azara yana ƙaruwa a jikin katangata, awaki suna hawa suna sauka.

Bai karya doka ba, gaskiyarsa. Ya bi kalmominta ɗaya bayan ɗaya har ya fita daga cikinta. Na so in tambaye shi wanda ya rufa masa asiri daminar da ƴaƴansa suka kwana a zauren masallaci, amma na haɗiye, domin ya sani.

Har cikin gidana maganar ta shigo. Autana Sanusi, da ke kasuwanci a Damagaram, ya zo da tasa hujjar, kuma ba wawa ba ne. Ya ce, “Inna, ki dawo wurina ki huta, a sa wa gidan nan kwano a ba da haya. Ke da Baba ba haya kuka yi ba? Da kowa ya ce ba ya ba da haya, ina za ku kwana a Balbeji? Malamin da aka turo jiya, a bisa itace zai zauna?” Na ce masa maganarsa tana kan hanya. Gari ba ya zama gari sai da ɗakin haya, kuma mai gina shi da halalinsa ya yi wa jama'a aiki. Amma wannan gidan ban saya ba, ban gina da ƙarfina ni kaɗai ba. Mata sun ɗauko masa ruwa a ka, tsofaffi sun taka masa laka, Kawunsa ya ba da wurin kwanansa. Ba su yi haka don in samu abin karɓa a ƙarshen wata ba, sun yi ne don kada a sake auna bango a bayan mai takaba. In na sa ɗan haya a nan, wata rana ni ce zan shigo da igiyar awo. Ya ce na cika taurin kai. Na ce a gida na gada.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana, ban ɗauka bara ba, shi ne Yaya Hadiza. Tana nan a ɗaki biyun da aka karkata makara. Mai gidan ya rasu, magada sun sayar, wanda ya saya ya ce ta tashi kafin ruwan fari, zai rushe. A nan dole in sa kaina cikin masu laifi. Ranar addu'ar bakwai mun yi alkawari da baki ɗaya cewa ranin nan za a gina mata. Rani ya zo, wannan ya ce ƙafa, wancan ya ce tafiya. Ita ba mai magana ba ce, mu kuma muka fake da shirunta. Shekara tara ina kwana a ƙarƙashin rufinta ina gaishe ta da sallah. Filin Yaya yana can ƙarshen unguwa, an mai da shi wurin zuba shara, har an fara aiko mini ana tambaya ko na sayarwa ne.

Na je wurin Yaya Hadiza na ce ta tattaro kayanta ta dawo wurina, ɗaki yana nan. Ta dube ni ta ce, “Rabi, ba wurin kwana na rasa ba, ƴan'uwana na Gangara ma sun ce in je. Mijina ya ja ƙuri'a kamar kowa. Ya ba da layinsa sau biyu, bai ce ya yafe na uku ba.” Ta rako ni har gida, ta tsaya a kan tarin azarar nan tana juya su da ƙafa, tana duba gindinsu. Ta ce, “Ko ɗaya gara ba ta taɓa ba. Ya iya zaɓen itace.”

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga unguwar yau, kwano yana walƙiya a inda ya jera itace. A da na ɗauka ransa zai ɓaci. Yanzu ina ganin ba zai tsaya ɓacin rai ba. Zai zagaya tarin nan yana ƙwanƙwasa su, ya yi dariyar nan tasa, ya ce Alhaji Idi ya hutar da shi tafiya Tarka. Abin da ya rage na Yaya ba dokarsa ba ce, ita kam an sami hanyar kewaye ta. Ba sunan kirki da ake ambata a wurin addu'a ba ne, wannan ba ya tare ruwan sama. Abin da ya rage itace ne mai sawun zabo, wanda ya ishi ɗaki biyu har da zaure, da fili ɗaya da ba a gina ba, da mace ɗaya da ke jiran layinta.

Don haka ga amsata ga masu aiko mini: filin ba na sayarwa ba ne, gidana kuma ba za a kware shi ba ina da rai. Na sa an kwashe sharar. Jiya ni da mata huɗu, ƙaramarmu ta aurar da jika, mun jiƙa ƙasa. Gwiwata ba ta taka laka yanzu, amma ina iya ɗaukar tulu. Asabar mai zuwa, bayan sallar asuba, muna can. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin azarar Yaya Lawali, ko yana ƙarƙashinta har yanzu ko ya sauke ta, ya san hanyar filin. Wanda ya zo, ba zan tayar masa da tsohuwar magana ba. Wanda bai zo ba, Allah ya ba shi lafiya, amma baɗi kada ya wahalar da kansa zuwa addu'ar shekara goma, ba zan shimfiɗa masa tabarma ba.