Baba Masahudu da Madubin Hannun Dama

Kafin rana ta fito a Sanaiya, unguwar masana'antu ta birnin Doha, Baba Masahudu ya riga ya yi asuba, ya sha shayinsa a tsaye, ya shiga harabar da ake ajiye bas-bas. Ba ya hawa kai tsaye. Sai ya zagaya motar, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, sannan ya zaro tsumma daga aljihu ya goge madubin hannun dama har ya yi ƙal. Masu wanki sun riga sun wanke motar, amma wannan madubin ba ya bar wa kowa. Duk shekarun da ya yi yana tuƙi, ta cikinsa yake hango mai gudu don ya kama bas, kuma ba ya rufe ƙofa sai ya duba shi.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma Kumasi. Ba korarsa aka yi ba, ba kuma wa'adinsa ne ya cika ba. Shi ya kai kansa ofis da ƙafarsa, yana sane sarai cewa baƙo irinsa in aiki ya ƙare, zama ma ya ƙare. Shi ya sa na ce sai na rubuta labarinsa, ko da zai ji haushina.

Ya zo Doha kusan shekara ashirin da suka wuce, lokacin da bas ɗin haya ke rarrafe. Layukan ba su da yawa, akasarinsu daga tsohuwar tashar da ke kusa da kasuwar Souq Waqif suke tashi. Wurin jira a bakin titi kuwa sau da yawa sanda ce da allo, inuwa sai ta jikinka. Wanda bas ta wuce shi da tsakar bazara ya san ma'anar jira. Sai gari ya yi ta faɗi, bas na bin sa a baya. Unguwanni suka tsiro inda da yashi ne zalla. Aka kawo katin biyan kuɗin mota, aka kawo jirgin metro da ƙananan motocin da ke kai mutane tasharsa, daga baya ga bas mai lantarki, wadda Baba ya ce ba ya son halinta don tafiyar sanɗa take yi. Duk ya tuƙa su, a kan hanyar nan tasa da ke tashi daga Sanaiya ta ratsa Mesaimeer ta shiga cikin gari.

Ɗanbaba, wani makaniki ɗan Kano da ke aiki a gareji a Sanaiya, ba ya gajiya da ba da labarin haɗuwarsu. Satinsa na farko a ƙasar, ya hango layin garejinsu ta taga, sai ya ɗaga murya ya ce "Akwai!" kamar yana cikin motar Kurna. 'Yan Nepal da 'yan Bangaladesh suka waiwayo suna kallonsa. Ya sake cewa "Akwai, direba!" Sai ya ji amsa daga gaba, da Hausar Zangon Kumasi:

"Na ji, ɗan'uwa. Amma nan mota ba ya tsayawa don an ce akwai. Danna jan abin can, ka jira tasha."

Ɗanbaba ya ce kunya ta kama shi, daɗi ma ya kama shi, ya rasa wanne zai fara ji. Ko ni da nake dariyarsa, na san sababbin zuwa da yawa da Baba ya koya wa hawa bas a garin nan. Ba ya tsayawa inda doka ta hana ko da za ka yi kuka. Amma in kana gudu a bakin tasha, kai nasa ne, ko fasinjoji na ta "yalla, yalla", wato mu je, mu je, sai ka shigo.

To, makonnin baya, Nusrat, wata 'yar Zango da ke aikin kicin a wani gidan abinci, ta hau motarsa a Mesaimeer tana dariya.

"Baba, jiya ka bar ni fa. Ina gudu ina ɗaga hannu, dab da ƙofa, ka ja mota."

"Ni? Ban gan ka ba."

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa. Nusrat wasa take yi, ta ma manta kafin ta sauka. Shi ne bai manta ba, domin ya san ya duba madubin. Ranar hutunsa ya je wurin likitan ido, aka gaya masa gefen ganinsa na dama ya fara rufewa. Abin da ke gabansa yana gani tar, abin da ke gefe ne ke ɓace masa.

Da Ɗanbaba ya ji, har ɗaki ya bi shi.

"Haba Baba, wa ya sani in ba kai ba? Gwajin idon kamfani da saura. Ka lallaɓa mana, ga kyamara a motar ma."

"Kyamara ɗin da wane ido zan kalle shi?" in ji Baba. "Halas, magana ya ƙare, Ɗanbaba. Gobe zan faɗa musu."

Ya kuwa faɗa. Suka sauke shi daga tuƙi a ranar, suka yi masa godiya, suka bar shi yana raka sababbin direbobi yana nuna musu hanya har ƙarshen wata. Da labari ya kai wa Nusrat, ta zo harabar tana hawaye, tana cewa da ta sani da ta yi shiru. Baba ya ce mata:

"Ɗiyata, da ka yi shiru, wata rana ba barin mutum zan yi ba. Taka shi zan yi."

Baba Masahudu, kai ne direban da bai jira an kama shi ba. Na san abin da ka bari: garin da ka ga girmansa ta gilashin gaba, abokan shayi, da aikin da ka iya fiye da komai a duniya. Na san kana son ƙarin shekaru, don ka sha faɗa mini da bakinka. Gaskiya raina bai so tafiyarka ba, kuma ina alfahari da kai. Za a ci gaba da lissafa layukan da aka ƙara da motocin da aka sayo, ba za a sa sunanka ba. Mu da muka hau mun san cewa irinku ne suka sa talaka ya yarda da bas a garin nan.

Mun gode, dattijon arziki. Ku kuma da kuke riƙe da rayukan mutane, direba ne kai ko likita ko mai tuƙa babban inji a wurin gini, ranar da jikinka ya fara gaya maka gaskiya, kada ka rufe masa baki don kana tsoron komawa gida. Baba ma yana tsoro, ya kuma je ya faɗa.

Allah ya kai ka Kumasi lafiya, ya bar maka sauran ganinka ka kalli jikokinka da shi.