Mai Kitson Hajiya Ta Shigo Ba Goyo

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da ruwa ya kayar da katangar makarantarmu ta Tsaskiya. Ana idar da la'asar na yar da tsintsiya, na goya ƙanena Audu, na ruga gidan Malam Sani mai injin niƙa, don nan kaɗai ke da talabijin a unguwarmu. Mata sun cika tsakar gida, wasu da gyaɗar ɓara a faifai, janareta na ta tari a zaure. Wasan mako-mako ne na wata Hajiya da 'ya'yanta masu rigima, kowa su yake kallo. Ni kuwa mai kitson Hajiyar nake jira, wata siririyar mata da ko suna ba a ba ta ba. Aikinta ta zauna a baya da kibiyar kitso, ta ce, "Juyo, Hajiya," shi ke nan. Amma kullum da goyo take zuwa, yaro mai jar hula, kansa na lilo don ba ta iya ɗaura majanyi ba. Da yake raino ne aikina, sai in ji kamar in miƙa hannu in tallafe masa wuya.

Ran nan sai ga ta ba goyo. Na ce, "Gwaggo, ina yaron?" Gwaggo Tabawa, yayar babana, ta ajiye gyaɗa ta ƙura ido. A wurinmu in macen da aka saba gani da goyo ta fito baya wayam, ba a tambayarta, an riga an sani. Gwaggo ta ce, "Allah ya sa mai ceto ne," mata suka amsa da amin. Washegari har waina ta toya ta raba wa yara sadaka. Malam Sani ya yi ta dariya, ya ce, "Haba Tabawa, wasa ne fa!" Ta ce, "Wasan ne ya haife shi?"

Daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Ko korar tsuntsaye muke a gonar gero, ko gaɗa muke a dandali, sai in sauke Audu in sa kunne a ƙirjinsa. Laraba ta yi ta zuwa, yaro bai dawo ba, ba wanda ya ambace shi, har mai kitson ma aka daina nuna ta.

Sai bana, da hare-hare suka taso mu daga Ruma, inda na yi aure, muka fake a Batsari da 'ya'yana biyu, wata maƙwabciya da ta taɓa ganin ana ɗaukar wasa ta ce min irin yaran nan da ake goyawa a wasa aro ake yi, uwar na tsaye a gefe, ana gamawa ta karɓi abinta. Wallahi sai da na zauna, na ce alhamdulillahi, tana ta kallona.

A da muna da sararin yin makokin ɗan da ba mu taɓa ɗauka ba. Yanzu namu ma a tsaye muke yi musu addu'a, kunne na bakin ƙofa.