Tsakuwa a Gwangwanin Madara

Har yau yatsuna biyu na hannun dama ba sa lanƙwasuwa. In abokan aiki suka tambaya sai in ce farfela ce. Ƙarya nake yi. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya karya su da gora a faƙon bayan ƙauyenmu, arewa da Ɗanbatta.

Ni bakaniken jirgin sama ne. A shekarar ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai jiragen feshi uku, irin masu ɗaukar mutum ɗaya da tankin magani. Jan-baki suka sauko yankinmu daidai lokacin da gero ya sa ido. Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan ba, ba zai gane ba. Sama ta yi duhu kamar hadari, su faɗa gona, kafin ka je ka dawo sun tsiyaye zangarniya tas. Maza da mata su yini suna buga gwangwani da jifa da majajjawa har murya ta dushe, duk a banza.

Da aka turo mu, jirage biyu aka wuce da su gabas, aka bar mana ɗaya, aka share faƙo ya zama wurin sauka. Feshin farko a fadamar da tsuntsayen ke kwana aka yi shi. Gari na wayewa ƙasa ta rufe da gawarsu, wasu na shure-shure, shirwa da karnuka na wawaso. Yaya ya kama hannuna a gaban jama'a yana cewa, "Ɗan gidanmu ne ya kawo jirgin nan!" Kaina kuwa ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Littafin kamfani awa yake ƙirgawa: in jirgi ya cika awa kaza a sama, a kai shi sabis. To namu ba ya daɗewa a sama. Ya tashi, ya fesa, ya sauka, a cika tanki, ya sake tashi. Kowace sauka sai ƙafarsa ta daki faƙon nan mai tauri, ka ji ƙarar har cikin haƙorinka. Littafin kuwa ba shi da gurbin rubuta sauka. Sai na samo gwangwanin madara, duk saukar da ya yi in jefa tsakuwa ɗaya. Kafin mako uku na cika gwangwani huɗu, alhali a takarda jirgin ko rabin awoyinsa bai ci ba.

Wata Talata bayan azahar na leƙa ƙarƙashinsa, na ga wani jan gari kamar tsatsa a kan babbar kusar da ke riƙe ƙafar hagu. Na dubi gwangwanayen, na dubi kusar, na ce jirgin nan ba zai sake tashi ba sai an kawo sabuwa. Manaja ya yi ta yi mini ihu a waya daga Kano, wai littafi ya ce da sauran lokaci, kuma kusar sai nan da kwana huɗu. Na ce ya ɗauko littafin ya zo ya hau da kansa. Matuƙin, dattijo mai 'ya'ya biyar, abu ɗaya ya faɗa: "In ba ka sa hannu ba, ni ba na hawa."

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ragowar tsuntsayen sun koma kwana a itatuwan gefen gonar mahaifinmu, wadda Yaya ke nomawa yana ci da mutum goma sha ɗaya. Feshi ɗaya rak mutanen ƙauye ke jira a yammacin nan.

Bayan la'asar sai ga su, sun fi mutum arba'in, wasu da gora, wasu da ƙotar fartanya, Yaya a gaba.

"An ce kai ka hana shi tashi," in ji shi.

"Ni ne, Yaya. Ƙafarsa za ta karye."

"Ta karye ɗin ka gani?"

Na nuna masa gwangwanayen, na fara bayani. Ban kai ƙarshe ba ya sa ƙafa ya yi ƙwallo da su, tsakuwa ta watse.

"Duba ka koma yi da tsakuwa? Karatun da muka sayar da bijimi ka yi ke nan? Tsuntsu na cinye abincin 'ya'yana, kai kana nan kana wasan dara!"

Ni ma ba sanyi gare ni ba. Na ce ba zan kashe mutum saboda damin gero ba, kuma su da ko keke ba su iya kwancewa ba, kada wanda ya koya mini aikina. Ya shaƙe wuyan rigata. Akwai sifana a hannuna, kuma wallahi na ɗaga ta. Wannan ne abin da ba na faɗa wa kowa. Na ɗaga wa yayana ƙarfe.

Gorarsa ta riga ni. Na ji ƙas, sifana ta faɗi, yatsuna suka juya baya. Daga nan ban san na wa da na wa ba. Duka ta ko'ina, a baya, a haƙarƙari, wani ya take mini fuska da takalmin taya, bakina ya cika da jini da ƙasa. Ina jin duwatsu na sauka a jikin jirgin, gilashinsa ya tarwatse. Matuƙin ne ya kwanta a kaina yana salati, shi ma aka fasa masa goshi. Abin da ya fi duka yi mini ciwo, muryar Yaya da na ji yana ihu, "Ya isa, za ku kashe mini ƙane!" bayan shi ya buɗe musu hanya.

Kwana biyu tsuntsaye suka yi, suka gama da gonar.

Ranar da aka zo da sabuwar kusa ina tsaye da hannu a rataye. Ana zaro tsohuwar ta rabu biyu a hannun mai zarowa, ɗan siririn ƙarfe ne kawai ya rage yana riƙe da ita. Yanzu kamfanin duk jiragensa sauka ake ƙirga musu tare da awa, a na'ura, har ana tsara wanda za a fara kaiwa sabis. Ba wanda ya san daga gwangwanin madara abin ya faro.

Na naɗe gutsattsarin biyu a ƙyalle na tafi gida, ina ta tsara yadda Yaya zai sunkuyar da kai. Na same shi zaune a gindin rumbu, murfin a ƙasa, ba komai a ciki. Na kwance ƙyallen na ajiye a gabansa. Ya ɗauka, ya haɗa su, ya raba, ya daɗe yana kallo.

"Gaskiyarka," ya ce. "Da matuƙin ya mutu."

Sannan ya kira ƙaramar 'yarsa, ya miƙa mata, ya ce, "Kai wa innarki, ki ce ga abin da baffanki ya kawo a daka muku."