Abin da Dodo Baduku Bai Koyar Ba

In ka tambayi Kiristocin Sakkwato na yanzu wane ne Dodo Baduku, sai su hau kallon juna. Abin yana ƙona mini rai, don kakana ne, kuma a bakin matarsa, kakata Lami, na ji labarinsa.

Haifaffen birnin ne, ɗan dukawa. Yana saurayi Turawa suka kwashe su ɗaukar kaya zuwa Lakwaja, can ya daɗe, can ya zama Kirista. Ya dawo gida da matarsa da basillarsa, ya ci gaba da ɗinkin jar fata. Dangi suka ja baya da shi, amma sirdi ba ya tambayar addinin wanda ya ɗinka shi, don haka bai rasa ciniki ba.

A zamanin, Turawan mulki ba su yarda a yi wa'azin Kirista cikin birni ba. Kiristocin da ke akwai baƙi ne daga kudu, kuma kashi biyu suke: akawuna 'yan Angalika, da Yarbawa 'yan Baftis masu ɗinki da tireda. Duka-dukansu ba za su cika tabarma uku ba, amma ba sa ga maciji. Waɗannan su ce baftisma yayyafi ce, waɗancan su ce sai an nutsar da mutum. A garin da ake wahalar ruwan sha, su rigimarsu yawan ruwan da za a zuba wa mutum!

Dodo ne ya bi su gida-gida yana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, har suka yarda su yi sujada wuri ɗaya. Shi ne kuma ya samo wurin. Abokinsa na ƙuruciya, Malam Siddiƙu, fatoma ne mai saukar da fataken hatsi a bakin gari, ya ara musu zaurensa na waje. Ba don yana son addininsu ba, don dai Dodo ya tsaya musu ne.

Kowace Asabar Dodo yakan zaunar da mazan da ake fatan su buɗe wuraren sujada a wasu garuruwa, yana koya musu zama da Hausawa. A durƙusa wa babba. A tuɓe takalmi. Kada a miƙa abu da hagu. In ladan ya ɗaga murya, waƙa ta tsaya ko da a tsakiyar baiti ne. Wanda ya fi kowa ɗauka shi ne wani tela Bayarabe ɗan Baftis, Fagbemi, mutum mai ladabi har ya yi yawa.

Ladabin ne ya ja musu. Matar Fagbemi ta haihu, ba ta da kowa a garin, sai uwargidan Malam Siddiƙu ta riƙa aika mata itacen wanka da kunun kanwa. A ƙasarsu Fagbemi, wanda ya yi maka irin wannan ba a aika masa godiya, zuwa ake yi a kwanta a gabansa. Ranar Lahadi, ana tashi daga sujada, ya tuɓe takalmi kamar yadda aka koya masa, ya yi sallama, ya wuce zaure na ciki, ya faɗa tsakar gida. Mata na zaune ba mayafi, ana kitso. Sai ga ƙaton namiji ya zube rub da ciki a gabansu.

Ihu ya tashi. Kafin Dodo ya gane abin da ake ciki, barorin gidan sun jawo Fagbemi waje, fatake sun taso da sanduna, maƙwabta na ta ɓullowa. Dodo ya tura shi cikin zauren sujada, ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa. Wani ya kai masa sanda a kafaɗa, bai gusa ba. Lami ta ce tana jin ana cewa a kawo wuta.

Malam Siddiƙu ya iso, fuskarsa ba annuri. Ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Dodo, mi niy yi maka? Zaure nib ba ka, ko gidana?"

"Zaure kab ba ni, Malam."

"To wa ak kai ƙato gaban iyalina?"

Dodo ya koyar da komai ban da wannan, don bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai baligin da sai an gaya masa ba a shiga gidan mutane ba. Wa ke koya wa babba kada ya sa hannu a wuta?

Malam Siddiƙu ya sallami taron, ya ce a ba shi zuwa gobe. Kowa ya san abin da ke gaba. In maganar ta kai ofishin Razdan, babban Baturen mulki, cewa za a yi Kiristoci sun fara shiga gidaje suna wa matan Musulmi wa'azi, kuma daga ranar ba zaure, ba taro ko a gindin bishiya.

Da la'asar dattawan ɓangarorin biyu suka haɗu. Babban akawu ya gyara tabarau ya ce ai wanda ya yi ɓarnar ɗan Baftis ne, su miƙa shi, ruwan Angalika ba ya ciki. 'Yan Baftis suka miƙe, suka ce in aka kori nasu, su ma sun fita ke nan. Fagbemi na gefe yana hawaye, yana ta maimaita cewa shi godiya ya je yi. Dodo ya dube su, ransa a ɓace, ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya sami Malam Siddiƙu shi kaɗai a kan buzu.

"Na san baƙon ga ba da mugun nuhi yash shiga ba," in ji Malam. "Uwargida ma ta hwaɗi haka. Amma gari ya ji. In ba a ga wani ya bar garin ga ba, ni ba ni da sauran huskar shiga kasuwa. Ku kore shi, ku riƙe zaurenku."

"Matatai jego taka yi, ba ta iya tahiya. Kuma in yat tahi, rabinmu sun tahi."

"To mi kaka so in yi?"

"Baƙo makaho na, ko da shina da ido. Ni na ɗan gari, ni nik kawo shi, ni nik koya mai. A ce ni anka kora."

Malam Siddiƙu ya girgiza kai. "Kabarin tsohonka na nan, Dodo. In kat tahi ta wagga hanya, ba ka da komowa."

"Na sani."

Washegari da hantsi, lokacin da kasuwa ta fara cika don kowa ya gani, Dodo ya ɗaura kayan dukancinsa a jaki, Lami na biye da goyo, suka ratsa unguwar. Masu sandunan jiya suna tsaye suna kallo, wasu har da tofar da yawu. Maganar ta mutu a nan, ba ta kai ofishin Bature ba. Akawun da ya ce a miƙa mutum kunya ta hana shi sake ɗaga murya, aka ci gaba da sujada tare, Fagbemi ne ma ya riƙe wurin shekara da shekaru.

Dodo ya zauna a Gusau, a can ya rasu, bai sake taka Sakkwato ba. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Lami ce ba ta haƙura ba, kuma ni ina bayanta. Har ta tsufa, in aka zo mata da labarin yadda masu sujada suka yawaita a Sakkwato, takan kau da kai ta ce, "Su sun samu zaure, ni ko na rasa gari."