Kifin Kawu na kududdufin Dukawuya

Jiya na ga tifa tana juye bola a abin da ya rage na kududdufin Dukawuya, sai raina ya ɓaci, Kawu ya faɗo mini a rai.

Duk ƙarshen damina yakan cika ƙwarya da 'yan mitsi-mitsin kifayen nan masu jan wutsiya, ya kai su kududdufin Ƙofar Na'isa, ya ɗebo na can ya kawo nan. 'Yan unguwa suna cewa ya taɓu. Shi kuwa yakan ce, "Kifi ma in auren zumunci ya yi masa yawa, irinsa lalacewa yake yi."

Lokacin yaƙin basasa nama ya gagari talaka. Wani maƙwabcinmu, ba zan ɓata bakina da sunansa ba, ya zuba maganin ƙwari a kududdufin namu don ya kwashi tarwaɗa. Da hantsi na fito zubar da ruwan wanke-wanke, wari ya tare ni. Ƙananan kifayen duk sun taso, ciki fari a sama.

Mutumin ya ce wa Kawu, "Malam, waɗannan ko miya ba sa yi."

Kawu yana cikin taɓo har gwiwa, yana tsamo masu sauran motsi. Ya ce, "Kai ma ba a miya da kai, amma Allah Ya bar ka."

A randar shanmu ya raya su, muka sha ƙarni har kaka.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shayar da shi Alkausara. Masu tifa kuwa, Allah Ya isar wa kifin.