Ƙafar Hagu ta Wade

La'asar ɗin Juma'a ce a wani ɗan gari na yammacin Texas. Shaguna tara cikin goma sun rufe, kowa na shirin bin motar 'yan ƙwallon sakandare zuwa wasan ƙarshe na bana.

A gidan abincin da ke kallon makaranta, wani ƙaton saurayi na zaune cikin farar riga da lakataye irin na ranar wasa. Gurasa uku da nama na gabansa, ko ɗaya bai taɓa ba. Ƙafarsa ta dama sai rawa take a ƙarƙashin tebur. Ta hagun ko motsi, idon sawun ya kumbura har igiyar takalmin ta ƙi ɗauruwa.

"Wade, ci mana! Ko don kallo ka saya?" in ji mai kawo abinci.

"Na ƙoshi, Anti."

"Kai ɗin? Lallai yau za a yi ruwa!"

Da gani ɗan ajin ƙarshe ne. An ce wakilin wata jami'a zai zo kallo, kuma a nan yaron da ƙwallo ba ta kai shi jami'a ba, aikin rijiyar man fetur ke jiransa. Ga koci can bakin mota yana duban tafiyar kowa. Wanda ya ɗingisa, a benci zai kalli wasan.

Wade ya ja wando ya rufe kumburin, ya cije leɓe, ya tsallaka titi tsaf ba ɗingishi.

"Lafiya dai, ɗana?" in ji koci.

"Garau, yallaɓai."

Ya taka matakalar motar da ƙafar hagu.